Wifi ya ɓace a laftof: a bincika katin kafin a yi formate

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama da matasa masu koyon gyaran kwamfuta a Maradi. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Ƙannena maza da mata, sannunku da zuwa, sannunku da zafi. Waɗanda ke baya, in ba ku ji na ku ɗaga hannu.

Akwai aikin da kusan kullum sai ya shigo shago. Mutum ya zo da laftof a hammata, ya ce jiya da dare yana hawa intanet lafiya lau, yau ya kunna alamar wifi ta ɓace ƙurmus. A shaguna da yawa na garin nan amsar guda ce, a yi formate. Sai a goge Windows, a goge da takardun mutum. Wani ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne, kundin kammala karatunsa na ciki. Wani ɗan kasuwa ne, duk bashin da yake bin mutane nan ya rubuta shi. Abin haushin kuma, a gama formate ɗin wifi ya ƙi dawowa, don sabon Windows da aka sa bai zo da direban katin ba. An yi asara, matsala tana nan inda take.

A cikin laftof akwai ɗan kati, bai kai akwatin ashana ba, shi ke kama wifi. Wayoyi biyu sirara, galibi baƙa da fara, suna fita daga jikinsa su bi ta maƙalar marfi su hau bayan allo, su ne eriya. Windows ba ya iya magana da katin kai tsaye, sai ta bakin wata ƴar manhaja, direba, wadda injin Faransanci ke rubutawa pilote. Tafinta ce tsakaninsu. In tafinta ta rikice, ko aka kawo wadda ba ta jin yaren wannan katin, kati lafiyarsa ƙalau amma ba wanda ke jin wani.

Kafin ku zargi direba, ku duba ƙananan abubuwa, minti biyu ne. Salularka tana ganin wifi ɗin? Ba a sa yanayin jirgin sama ba? Ba yaro ya danna Fn da maɓallin mai hoton eriya ba? Tsofaffin injuna ma wasu na da ɗan makunni a gefe. In kuma daga salula ake raba reso, ku duba kada ta kasance tana watsawa a 5 GHz, alhali tsohon kati 2.4 GHz kaɗai yake gani. Zai nuna wifi na maƙwabta duka, ya ƙi nuna naka.

Sannan ku sake tayar da injin, amma ku zaɓi Redémarrer, ba Arrêter ba. Tun Windows 8, a 2012, in ka kashe injin ta hanyar da aka saba, ba ya mutuwa gaba ɗaya. Yana ajiye halin da direbobi suke ciki a faifai don ya yi saurin tashi, gobe ya ɗauko su yadda ya bar su, har da rikicinsu. Shi ya sa mai kaya zai rantse maka ya kashe ya kunna ba adadi, kuma gaskiya ya faɗa.

In duk wannan bai yi ba, sai mu tambayi injin da kansa. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta devmgmt.msc. Wannan umarni ɗaya ne ko injin Faransanci ne ko na Ingilishi irin waɗanda ake shigowa da su daga Kano ta Jibiya da Dan Issa. Sai dai ku lura da abin da ke fita a allo, don sau da yawa maɓallan QWERTY ne amma an sa wa Windows tsarin AZERTY, ka danna m wani abu daban ya fito. Abin da zai buɗe shi ne Gestionnaire de périphériques, a Ingilishi Device Manager. Ka sauka zuwa Cartes réseau.

In ka ga sunan katin da ƴar kibiya mai kallon ƙasa, kashe shi aka yi, danna dama ka kunna, aiki ya ƙare. In ka ga alwatika ruwan ɗorawa, buɗe Propriétés ka karanta lambar. Kod 28 na nufin babu direba sam. Kod 10, na'urar ta kasa tashi. Kod 43, Windows ne ya tsayar da ita don ta kai ƙarar matsala. Biyun ƙarshen nan kan zama direba, kan kuma zama katin ne da kansa, saboda haka kada ku yi wa mai kaya alkawari tukuna. In kuma ba sunan katin a nan, duba Autres périphériques, za ka iske wani abu an rubuta Contrôleur de réseau. Shi ne, Windows ya gan shi amma bai san ko wane ne ba.

Tambayi mai injin yaushe abin ya fara. In ya ce bayan Windows ya yi sabuntawa ne, shiga shafin Pilote ka danna Restaurer le pilote, ya koma kan tsohon da ke aiki. In maɓallin ya dushe, ba a ajiye tsohon ba. To sai cirewa: danna dama, Désinstaller l'appareil, ka sake tayar da injin, Windows zai mayar da direban da kansa. Amma a nan akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko a goge manhajar direban gaba ɗaya. Don Allah kada hannunku ya kai gare shi sai kuna da sabon direba a kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, a aljihu. In ka goge babu madadi, ka bar injin ba wifi, ba kuma hanyar da zai ɗauko abin da zai gyara wifi ɗin.

Yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne. Wane direba za ka ɗauko? Yaro zai duba marfi, ya ga HP ko Dell ko Lenovo, ya je ya rubuta sunan samfurin, ya sauke na farkon da ya gani. HP ba ta ƙera katin wifi. Sayowa take yi, kuma samfuri ɗaya kan fito da kati iri biyu ko uku, wannan na Intel, wancan na Realtek, wani na Broadcom. Balle injunanmu, da yawancinsu na hannu ne, sun bi ta Kwatano ko Lome ko Kano, sun ratsa shaguna kafin su iso babbar kasuwa. Wa ya san wanda ya cire katin asali ya sa wani?

Katin yana faɗin sunansa ko da babu direba. A Propriétés, shiga Détails, ka zaɓi Numéros d'identification du matériel. Za ka ga layi mai farawa da PCI, sai VEN da haruffa huɗu, sai DEV da wasu huɗu. VEN shi ne kamfanin da ya ƙera. 8086 Intel ne. 10EC Realtek. 14E4 Broadcom. 168C Qualcomm Atheros. 14C3 MediaTek. Ku rubuta biyar ɗin nan a takarda ku liƙa a bangon shago. DEV kuma shi ne ainihin samfurin katin. Ka haɗa su biyun ka bincika a salula, sunan katin zai fito, ka daina lalube.

Wani zai ce, to da wane intanet? Da salularka. Haɗa Android da kebul na USB, ka kunna raba reso ta USB a saitunanta. Windows 10 da 11 kan gane ta ba tare da an sa komai ba. Da injin ya samu hanya, sau da yawa Windows Update kaɗai ya isa ya kawo direban. In bai kawo ba, je shafin kamfanin laftof ɗin, ko na Intel in katin nasu ne. Ka tabbatar da irin Windows ɗin, da kuma ko mai bit 64 ne ko mai bit 32. In abin da ka sauke yana da fayil na sakawa, danna shi. In babu, sai tarin fayiloli da wani mai ƙarewa da .inf, ka zaɓi sabunta direba, ka nuna wa Windows jakar da hannunka.

Manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya, ni ba na sa su a injin mutane. Suna taɓa abin da ke aiki lafiya, wasu suna jawo tallace-tallace da abin da ya fi talla muni, ga cin kuɗin reso. Ka zo gyaran abu ɗaya, gyara abu ɗaya.

Game da Windows 7, na san har yanzu wasu na son shi don ba shi da nauyi. Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020, kuma sababbin katuna irin Intel AX200 ba a yi musu direbansa ba ma. Windows 10 shi ma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.

Wani lokaci kati ba shi da wata alama, ya haɗu da wifi, amma shafi ba ya buɗewa. Nan galibi ba direba ba ne. Buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta ipconfig ka ga adireshin da injin ya samu. In ya fara da 169.254, akwatin wifi bai ba injin adireshi ba, shi ya ƙaga wa kansa. Akwai Réinitialisation du réseau a saituna, yana cire katunan reso duka ya mayar da su, injin ya sake tashi bayan minti 5. Ka gaya wa mai kaya tun farko cewa kalmomin sirrin wifi da ya ajiye za su tafi. Ku duba kwanan wata ma. In ƙaramin batirin cikin injin ya mutu, agogo ya koma shekarun baya, shafuka za su yi ta ƙin buɗewa.

(Wani daga cikin mahalarta: Malam, nawa yana aiki, amma da an ɗauke wuta ya koma kan batir sai ya riƙa yankewa.)

Madalla, ɗan'uwa. Wannan tsimin wuta ne. A Propriétés na katin akwai Gestion de l'alimentation, cire alamar da ta ba injin izinin kashe katin don tanadin batir. In shafin babu a naka, duba tsarin wutar injin, ka sa katin wifi a cikakken ƙarfi ko yana kan batir.

In kuma katin bai fito ko'ina ba, ko a Autres périphériques, ka duba BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ya tashi, ko an kashe shi a can. In ba haka ba, sai sukuddireba. Cire caja da batir, buɗe, zare katin, share ƙurar hunturu da ta taru, mayar da shi ya zauna daram. Wayoyin eriya ku bi su a hankali, kawunansu ba su da ƙwari. Injin da ba ya kama wifi sai an kai shi gindin akwatin, galibi ɗayarsu ce ta fita ko ta tsinke a maƙalar marfi. Kati in ya mutu a sauya shi, amma wasu tsofaffin HP da Lenovo ba sa karɓar katin da ba ya cikin jerinsu. A irin wannan, ɗan wifi na USB ya fi sauƙi.

(Wata daga cikin mahalarta: Malam, in fa dole sai an yi formate saboda wata matsalar daban?)

To ƙanwata, sai ki kwashe direbobin tun injin yana da rai. Sa kile, ki buɗe jaka a ciki, ki ce mata direbobi. Buɗe cmd da izinin mai gudanarwa. In kile ɗin harafinta E ne, ki rubuta pnputil /export-driver * E:\direbobi. Zai kwafe duk direbobin da aka ƙara wa injin, har da na wifi. Bayan kin sa sabon Windows, ki nuna masa jakar nan. Ki rubuta sunan samfurin a kanta ki adana, don wani mai irin injin zai zo.

Yanzu ku kasu uku-uku, kowane rukuni ya ɗauki laftof guda a teburin nan. Ku nemo mini VEN da DEV na katin da ke ciki, ku faɗa mini na wane kamfani ne.