Koyar da Chaucer da Shakespeare a Aji da Kuma ta Waya

(Lacca ce da aka gabatar a taron malaman adabi, aka rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban zama, ranka ya daɗe, iyayenmu malamai, 'yan'uwa abokan aiki, da ɗaliban da nake hangowa can baya, barkanmu da warhaka. Na bakin ƙofa ku shigo, ga kujeru nan gaba, yau babu wanda zai ce ku biya karatu.

An nemi in yi magana kan yadda ake tafiyar da darasin adabin Turai na tsakiyar zamani da na zamanin farfaɗowa, idan rabin karatun a aji ake yi, rabi kuma ta intanet. Abu huɗu na rubuto: me za a karanta, me za a yi a aji, me za a yi ta waya, sai jarrabawa.

Na farko ba zan daɗe a kansa ba. Daga Beowulf, tsohuwar waƙar Ingilishi mai layi 3,182, zuwa rasuwar Shakespeare a 1616, ɗaruruwan shekaru ne, zangon karatu ɗaya ba zai ɗauke su ba. A tsinci kaɗan a karanta da kyau. Ni nakan ɗauki yanki na Beowulf a fassara, ɗan abu daga Dante, wasu gajerun waƙoƙin Petrarch, labari biyu ko uku daga Decameron na Boccaccio, su ukun nan marubutan Italiya ne, sai Chaucer, mawaƙin Ingila, sai wasa ɗaya na Shakespeare. Decameron ɗin nan kada ku tsallake shi. Annoba ce ta faɗa wa birnin Fulorans a 1348, matasa goma, mata bakwai maza uku, suka fice bayan gari, kullum kowa ya kawo labari ɗaya, a kwana goma suka yi ɗari. Ɗalibin da ya ga kullen korona a 2020 ba ya bukatar dogon bayani. Tsarin labari cikin labari kuwa, wanda ya karanta Magana Jari Ce ya riga ya san shi. Sai dai a tace, don wasu labaran ba na gaban surukai ba ne. (Dariya.)

To, na biyu. Nan ne zuciyata take, ku yi mini haƙuri.

Wannan adabin don kunne aka yi shi. Ina so in maimaita, don kunne aka yi shi. Chaucer ya rasu a 1400. Gutenberg bai buga Littafin Baibul ɗinsa a Jamus ba sai wajen 1455, William Caxton kuma bai kafa injin buga littafi a Ingila ba sai 1476. Ke nan duk rayuwar Chaucer, littafi da hannu ake kwafarsa, yawanci a kan fata, da tsada. Mutum ɗaya ke riƙe da shi ya karanta, sauran su saurara. Akwai wani zane a farkon kwafin wata doguwar waƙarsa da ke kwalejin Corpus Christi a Kambirij, an zana mawaƙin tsaye a kan abu kamar mumbari, manyan fada sun kewaye shi suna saurare. Haka mutanen lokacin suka ɗauki abin. Mu kuma sai mu miƙa wa yaro takarda mu ce je ka ɗaki ka karanta shiru. Ya buɗe, ya ga Turancin da bai taɓa gani ba, ya rufe, ya nemi taƙaitawa a intanet. Ba laifinsa ba ne.

Ga abin da nake so malamai su sani, kuma ba kasafai ake faɗa ba. Ɗalibin Bahaushe yana da sa'ar da ɗan Landan ba shi da ita wajen furta Turancin Chaucer. Dalili kuwa, daga wajen 1400 zuwa gaba, dogayen wasulan Ingilishi sun yi ta sauyawa, rubutu kuma ya tsaya inda yake. A bakin Chaucer, kalmar name “naa-me” ce, time “tii-me”, house, wato gida, kuma “huus”. Knight ma sai an furta k ɗin farko. Wato idan yaronmu ya karanta yadda yake karanta boko, a ta zama a, i ta zama i, ya ja dogon wasali ya taƙaita gajere, ya kaɗa r ɗinsa yadda ya saba, to ya kusa isa. Abin da malamin sakandare ya yi shekaru yana hana shi, shi ake nema a nan. Ranar farko nakan ce musu, ku ajiye Turancin rediyo a bakin ƙofa, ku karanta mini da bakin garinku. Ku ga yadda fuskoki ke washewa! Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba saboda ana yi wa Turancinsa dariya, shi ne ke fara miƙewa.

Yadda nake yi, daga zaure na ɗauko shi, ban ƙirƙiri komai ba. Ɗalibi ɗaya ya ja baƙi, layi ɗaya ko biyu, malam ya warware, a wuce gaba. Muna farawa da layuka 18 na farkon Labaran Kantabari na Chaucer, waɗanda jimla ɗaya ce tak, tana tafiya daga ruwan watan Afrilu da iska da kukan tsuntsaye har ta sauka kan mutanen da ke son fita ziyara. Ziyarar kabarin Thomas Becket ce a garin Kantabari, babban limamin cocin da aka kashe a 1170. An taru a wani masauki a kudancin Landan, mai masaukin ya ce kowa zai ba da labari biyu a tafiya, biyu a dawowa. Chaucer bai gama ba, 24 muke da su. Bayan an ja baƙi an warware, sai duk aji mu ɗauka tare, da ƙarfi, har na ajin kusa su leƙo. A nan ne karin waƙar ke shiga jiki. Wannan e ta ƙarshen kalma da ake furtawa wani wuri a haɗiye ta wani wuri, ba a koyon ta da ƙa'ida a allo, kunne ne ke gaya maka layin ya cika ko ya gurgunce.

Kuma wannan ba ya yiwuwa ta intanet. Murya takan yi jinkiri kafin ta iso, na Gusau ya riga na Azare, na Azare ya riga na Zariya, sai ka ji hayaniya kawai. Saboda haka duk abin da ke bukatar baki da yawa a lokaci ɗaya, a ajiye shi sai ranar haɗuwa. Kada a ɓata ranar haɗuwa da karanto tarihin marubuci daga takarda. Wallahi abin yana ci mini rai, ɗalibi ya biya kuɗin mota daga nesa, ya zo ya zauna, a karanta masa abin da za a iya tura masa ta waya.

Haka Shakespeare. An gina gidan wasa na Globe a 1599, talaka ya biya kobo ɗaya na lokacin ya tsaya a fili, da rana tsaka, babu fitila babu labule. A ture bencina gefe, a tashi tsaye a yi wasan. Ni Othello nake zaɓa, wasan da jaruminsa Ba'afirke ne, kuma bari in ɗan ratse, Shugaba, minti biyu. Akwai Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. A Giranada aka haife shi, a Fas ya tashi, aka kama shi a teku a 1518 aka kai wa Paparoma Leo na Goma. Littafinsa na bayanin Afirka ya fito a Banis a 1550, John Pory ya mayar da shi Ingilishi a 1600. A cikinsa akwai Kano, akwai Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir. An yi wasan Othello a fadar sarkin Ingila a 1604, kuma manazarta da dama suna ganin Shakespeare ya san wannan littafin. Ku duba fa, mai karatu a Landan a zamanin Shakespeare yana iya buɗe littafi ya ga sunan Kano. Idan na nuna wa ɗalibai wannan shafin, zaman ajin yakan sauya, su daina kallon darasin kamar kayan aro.

To na huɗu… na'am? Na uku, na gode Hajiya. Na uku, abin da ake yi ta waya.

Kada wani ya fita ya ce na ƙi intanet. Akwai abin da waya ke yi wanda aji ba zai iya ba. Malamanmu sun koyar da Chaucer ba su taɓa ganin tsofaffin kwafin littattafansa da aka rubuta da hannu ba. Yau kwafin Labaran Kantabari da ake kira Ellesmere, da ke ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya, da na Hengwrt da ke Weils, duk an ɗauki hotonsu an sa a intanet. Ɗalibi ya sa yatsa biyu ya buɗe hoton, ya ga Chaucer a kan doki, ƙafafunsa gajeru, yana nuna rubutu da yatsa. Ya ga Beowulf, kwafi ɗaya tak da ya rage a duniya, gefen takardunsa sun ƙone a gobarar 1731. Ɗakin karatu na Folger a Washinton ya sa wasannin Shakespeare kyauta. Shawarata, malam ya sauke abin da yake bukata tun farkon zango ya adana. A Oktoban 2023 'yan kutse sun afka wa Ɗakin Karatu na Birtaniya, hotunan rubuce-rubucensu suka daɗe ba a samu.

Sai saƙon murya. Wannan ya fi mini zaman bidiyo amfani nesa ba kusa ba, ga sauƙin data, ga shi ba ya jiran a kawo wuta. Kowa ya ɗauki karatunsa na minti ɗaya ya turo ta WhatsApp, in saurara in mayar masa da gyara. Akwai wata ɗalibata, matar aure ce, ba kullum take samun zuwa ba. Sai dare ya raba, yara sun yi barci, take turo nata, murya ƙasa-ƙasa, kana jin fanka na juyawa. Na gaya mata wuri biyu da take haɗiye wasali, washegari ta sake turowa ta gyara. Da ranar haɗuwa ta zo ita na sa ta ja mana baƙi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a jingina waya a kan tebur ana aji, a ce na gida su biyo mu. Ba sa jin tambayar da aka yi daga baya, ba sa ganin allo, malam kuma ya manta da su. A raba: mako na waya, kowa ta waya, mako na aji, kowa a aji. In da Zoom na kyauta ake yi, minti 40 yake bayarwa, a tsara darasin ya shiga ciki.

Jarrabawa kuwa, Shugaba yana nuna mini agogo, a sa kaso na baki. Ɗalibi ya karanta layi goma ya warware a gabanka, wannan babu manhajar da za ta yi masa. Sauran a rubuce kamar yadda aka saba. Akwai tambaya? Bismillah, Malam.

(Mai tambaya: Allah ya gafarta Malam, ka ambaci Dante. Mun ji a littafinsa ya taɓa mutuncin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Ta yaya Musulmi zai koyar da shi?)

Sallallahu alaihi wa sallam. Na gode da ka yi wannan tambayar, don bai kamata a tashi ba a yi ta ba. Gaskiya ne, yana cikin waƙa ta 28 ta kashin farko na littafinsa Divine Comedy, kuma mummunan abu ne. Ba na karanta waɗannan layukan, ba na sa ɗalibi ya karanta, ba na tura su. Dakta Hasan Usman na Masar da ya mayar da littafin Larabci shi ma ya cire su. Amma ba na ɓoye wa ɗalibai cewa suna nan, domin gara su ji daga bakina da su ci karo da su su kaɗai da dare a waya, su ga kamar na yaudare su.

Abin da nake koyarwa shi ne duniyar da ta haifi wannan ƙiyayya. Dante ya rasu a 1321, yana saurayi aka ƙwace Akka daga hannun 'yan Salibiyya a 1291, abin da ya sani game da Musulunci daga bakin maƙiya ya ji shi. Duk da haka a waƙa ta 4 ya jera Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin cikin manyan mutanen da yake girmamawa, don Turai a lokacin littattafan Ibn Sina take karantawa a likitanci. Likitan da ke cikin ayarin Chaucer ma da Ibn Sina da Razi yake tinƙaho. Sannan a 1919 wani malamin Sifen, Miguel Asín Palacios, ya kawo hujjoji cewa tsarin tafiyar Dante yana da alaƙa da labaran Isra'i da Mi'iraji, daga baya kuma aka gano an fassara wani littafin Mi'iraji zuwa Latin da Faransanci a fadar Sarki Alfonso na Goma a Sifen tun kafin a haifi Dante. Har yau ana muhawara kan ko ya karanta shi.

Wannan darasin ba na yin sa ta waya ko kaɗan. Sai muna zaune ina ganin fuskar kowa, wanda ransa ya ɓaci ya faɗa, in saurare shi har ya gama. Wanda kuma ya ce shi ba zai rubuta komai kan Dante ba, ina ba shi Petrarch a madadinsa, makinsa bai ragu ba. Malam, in kana so bayan an tashi ka same ni in nuna maka yadda na tsara makon. Akwai wata tambayar? Hajiya, ga abin magana nan zuwa.