Abin da ke kashe PAM8403 ɗinka: wayoyin nan guda biyu

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka shiga yayin haɗa sifikar Bluetooth a gida, kuka ɗaya ake ta yi: "Malam, na haɗa, ta yi kiɗa, can sai sautin ya fara shaƙewa, bod ɗin ya ɗau zafi." Sai a ce mai shago ya ba da jabu. A'a, a bar bawan Allah ya ci kasuwarsa.

Ga kayan nan. Bod ɗin PAM8403, wato amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, bai fi babban ɗan yatsa ba. Sifika biyu masu om 4, wat 3. Bod ɗin Bluetooth, batir 18650, da TP4056 na caji. Akwati kuma, ko falwaya ko gora, duk wanda ya samu.

Wuta tukuna, a gurguje. Bod ɗin PAM8403 bolt 5 yake so, kada a wuce 5.5. Batir ɗaya in ya cika 4.2 ne, zai yi aiki, sai dai ƙarar ba ta kai ta bolt 5 ba. Ka jera biyu baki da gindi, ka ba shi 8.4, to sai dai ka koma kasuwa.

Ɓangaren da sauti ke shiga, ga shi: L, G, R. L hagu, R dama, suna tarayya a kan G ɗaya, wato nagetif ɗinsu. Wannan daidai ne.

To yanzu ku matso. Ga inda sauti ke fita. Ramuka huɗu ne, ku ƙirga da ni: L+, L-, R+, R-. Mutum ya ga nagetif biyu, sai ya ce ai duk ɗaya ne, ya murɗe su wuri guda, ya ɗiga dalma, wai ya rage waya. Wani ma ya kai su kan nagetif ɗin batir. Nan aka ɓata.

Na san inda aka samo dabarar. Abin saurare na kunne haka yake, waya uku, ɗaya ta tarayya. Amma wannan bod ba haka aka gina shi ba. L- ɗin nan da kuke gani ba zaman banza take ba, ita ma tura wuta take. Lugude suke yi da L+, kamar mata biyu a turmi ɗaya: wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke. Da haka ne ɗan bod mai bolt 5 ke iya fitar da wat 3 a kowane ɓangare.

Dama ma nata luguden take, da nata kiɗan daban. In ka haɗe L- da R-, duk sanda hagu ta tura sama, dama ta ja ƙasa, wutar ba ta bi ta sifika ba, kai tsaye take bi ta wayar da ka murɗe. Shi ne zafin, shi ne shaƙewar. Bod ɗin yana da kariyar da ke yanke shi, amma ni dai ba zan dogara da ita ba.

Saboda haka kowace sifika da wayoyinta biyu. Kada su taɓa juna, kada su taɓa G, kada su taɓa ƙarfen akwati. Sifika ɗaya gare ka? Ɗauki ɓangare ɗaya, ka bar ɗayan haka nan.

Kafin dalma, ga ɗan gwaji. Batirin rimot, bolt 1.5, ɗan taɓa shi a ƙafafun sifika ka ɗauke. Ku duba takardar sifikar: in ta bulluƙo waje, to shi ke nan; in ta shige ciki, juya batirin har ta bulluƙo. A lokacin, ƙafar da ke kan fozitif ɗin batir, ita ce fozitif. Yi wa ta biyu haka, don in ɗaya ta juya, bes ɗin ne zai gudu.

Saura akwati. Huda, zaunar da sifika, bi gefen da gam, kada iska ta sami mafita ta baya. Kunna. Ɗora yatsa a kan bod ɗin, ƙara murya, bar yatsan a wurin ka ji ko zai ɗau zafi.