Wa Ke Koya Wa Manajan Bas Ɗin Ƙauye Aikinsa A Amurka?

[Hoto: asubahi, doguwar hanyar burji a tsakiyar jan daji, wata farar ƙaramar bas tana tafe tana tayar da ƙura]

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan hanyar da kuke gani a Amurka take, a ƙasar ƙabilar Navajo, waɗanda ake furta sunansu Nabaho. Suna cikin manyan ƙabilun 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka zo suka tarar. Ƙasarsu ta ratsa jihohi uku, Arizona da New Mexico da Utah, kuma faɗinta ya kai murabba'in kilomita dubu 71, kusan girman jihar Borno ke nan. Mafi yawan hanyoyinta babu kwalta. Idan ruwa ya sauka sai taɓo, idan hunturu ya shigo sai dusar ƙanƙara.

To a ce akwai wata tsohuwa a ƙarshen wannan hanya mai ciwon ƙoda. Sau uku a mako sai an kai ta wankin ƙoda. Ba ta da mota, 'ya'yanta suna wurin aiki a birni, tasi kuwa ba ta zuwa nan. Abin da ya rage mata shi ne waccan farar bas. Ran da ba ta zo ba, an taɓa lafiyar tsohuwar nan kai tsaye.

Mu dai bas muke gani da direba. Amma a bayansu akwai wani mutum zaune a ƙaramin ofis, wanda shi ya tsara hanyar, ya nemo kuɗin mai, ya ɗauki direban aiki, kuma shi zai amsa tambaya idan masu binciken kuɗi suka zo. Yau a kan wannan mutumin za mu yi magana: ina yake koyon aikinsa, kuma me ake koya masa.

Bari mu fara da inda kuɗin ke fitowa, domin idan ba a gane wannan ba, ba za a gane dalilin horon ba.

A Amurka akwai hukumar tarayya mai kula da sufurin jama'a, ana kiranta FTA. Tun 1978 gwamnatin tarayya ta ware wani asusu na musamman domin sufurin karkara, wanda yau aka fi sani da sashe na 5311. Karkara a nan tana nufin duk wurin da mutanensa ba su kai dubu 50 ba. Kuɗin yana bi ta hannun gwamnatocin jihohi, su kuma su raba wa ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin da ke gudanar da motocin. A mafi yawan lokuta tarayya tana biyan kashi 80 cikin 100 na kuɗin sayen mota, amma na mai da albashi da sauran hidimar yau da kullum, rabi kawai take ɗauka. Sauran rabin sai mutanen gari su nemo.

Ƙabilu kuma lamarinsu daban ne. Akwai ƙabilu fiye da 570 da gwamnatin tarayya ta amince da su, kuma a dokar ƙasar kowace ɗaya gwamnati ce mai majalisarta da shugabanninta, ba reshen jiha ba ce. Shi ya sa bi ta hannun jiha bai yi musu daɗi ba. A 2005 majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin sufuri na ƙabilu, inda kuɗi ke tafiya kai tsaye daga FTA zuwa gwamnatin ƙabila. An fara da dala miliyan 8 a 2006. Dokar 2012 ta kai shi miliyan 30 a shekara, ta 2015 ta kai shi miliyan 35, dokar manyan ayyuka ta 2021 kuma ta sake ƙarawa. A kunne kuɗin suna da yawa, amma ku raba su tsakanin ƙabilu sama da ɗari masu motoci a irin waccan hanyar, za ku ga ba wanda ke da sukunin yin kuskure.

[Hoto: hannun direba yana rubuta lambar mitar mota a takarda]

Yanzu ga wurin da nake so mu ɗan tsaya. Kaso mafi tsoka na kuɗin ƙabilu ana raba shi ne bisa ma'auni, kuma ma'aunin gida uku ne. Rabi ana bayarwa gwargwadon yawan mil ɗin da motocin ƙabila suka yi suna bakin aikin ɗaukar fasinja. Kashi ɗaya cikin huɗu ana raba shi daidai wa daida tsakanin ƙabilun da suka kai mil dubu 200 a shekara. Ragowar kashi ɗaya cikin huɗun kuma ana duba yawan masu ƙaramin ƙarfi a yankin, ga ƙabilun da ke da irin waɗannan mutane fiye da dubu ɗaya.

Kun ga ke nan kashi uku cikin huɗu na kuɗin ya rataya ne a kan lambar da direba ke rubutawa a takarda safe da yamma. Kuma ba kowane mil ake ƙirgawa ba. Mu koma kan tsohuwarmu. A ce bas ta tashi daga gareji ta yi mil 40 babu kowa a ciki kafin ta isa ƙofar gidanta, sannan ta yi wasu 40 zuwa asibiti. A motar da ake kira ta zo har gida, lissafi yana farawa ne daga inda aka ɗauki fasinja na farko. Mil 40 na farkon nan an ƙona mai, taya ta ci, an biya direba, amma ba su shiga lissafi ba.

Sabon manajan da bai san wannan ba, ɗayan biyu zai yi. Ko ya haɗa duka ya aika wa rumbun bayanan sufuri na ƙasa, ranar bincike a kama rahotonsa da kuskure, ko kuwa ya yi sakaci da rubutun, ya rasa kuɗin da haƙƙin mutanensa ne. Wanda ya samu horo kuwa zai fara wani tunanin. Me zai hana motar ta riƙa kwana a ƙauyen, a ɗauki direba ɗan garin? Me zai hana a yi magana da asibiti a haɗa wa mutanen gefe ɗaya rana ɗaya da sa'a ɗaya, mota ɗaya ta kwashe mutum biyar maimakon ta yi sawu biyar? Wannan shi ne tsara sufuri a karkara. A birni ana tsara motoci ne don su ɗauke cunkoso, a nan kuwa babbar matsalar nisa ce da ƙarancin mutane.

To ina ake koyon duk wannan? Tun 1987 aka kafa shirin taimaka wa sufurin karkara mai suna RTAP. Daga cikin asusun karkarar ake cire ɗan kaso, wanda ba ya wuce kashi 2 cikin 100, a ajiye shi don horo kaɗai. Mafi yawansa yana tafiya jihohi, su shirya bita, su biya wa ma'aikata kuɗin tafiya da masauki. Wani ɓangare kuma yana tafiya ofishin ƙasa, wanda ke shirya littattafan koyarwa da darussa a intanet, duk kyauta. Akwai jagorar manaja, akwai jagorar da aka rubuta musamman don sufurin ƙabilu, akwai manhajar da ke taimaka wa mutum ya gano nawa kowace hanya ke ci masa, akwai wadda ke sa jadawalin motarsa ya fito a taswirar Google.

Ba su kaɗai ba ne. Jami'ar jihar Dakota ta Arewa da ke Fargo tana da cibiyar da ta ƙware a sufurin ƙananan garuruwa da karkara, kuma tana koyar da manajoji tushen aikin. Jami'ar Rutgers a New Jersey tana da cibiyar horon sufuri ta ƙasa. Ƙungiyar CTAA, wadda ta haɗa masu gudanar da ƙananan tsare-tsaren sufuri, tana ba da takardar shaidar ƙwarewa ga manajoji, kuma ita ke da sanannen kwas ɗin direbobi mai suna PASS.

[Hoto: direba a durƙushe a cikin bas, yana ɗaure keken guragu]

Ku dubi abin da ake koyarwa a wannan kwas. Direban nan ya sauke na'urar ɗaga keke, ya shigar da fasinja, ya danne birkin keken. Maɗaurai huɗu ne, biyu gaba biyu baya, kuma a jikin ƙarfen keken ake maƙala su, ba a taya ba, ba a wurin ɗora ƙafa ba. Bayan nan sai bel na ƙugu da na kafaɗa ga shi mutumin. Kafin ya taɓa keken sai ya nemi izini, domin ga mai shi keken nan kamar sashen jikinsa ne. Wannan ba abin da ake koya da karatu kaɗai ba ne, sai an durƙusa an yi da hannu, an sake yi, har ya zauna. A hanyar burji mai gargada, maɗauri ɗaya da bai kama da kyau ba ya isa ya kifar da mutum.

Shi kuwa manaja nasa karatun ya fi yawa a takarda. Dole ya san cewa motar da aka ƙera don mutum 16 ko fiye, har da direba, sai mai lasin tuƙin manyan motoci. Dole ya tafiyar da gwajin ƙwaya da giya ga direbobi da makanikai: kafin a ɗauki mutum aiki, da na ba-zata, da bayan haɗari. Dole ya iya sayayya bisa ƙa'idar tarayya, ya nemi farashi daga wurare da dama, ya ajiye shaidar yadda ya zaɓa. Dole ya san cewa ƙaramar bas irin wannan an ƙiyasta mata shekara 5 ne ko mil dubu 150, don haka tun ranar da ta iso ya kamata ya fara shirin wadda za ta gaje ta. Ga inshora, ga jadawalin juyen baƙin mai, ga kasafin shekara da zai kare a gaban majalisar ƙabila.

A babban birni kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sashensa da ma'aikatansa. A ƙaramin ofishin karkara sau da yawa mutum ɗaya ne, kuma ran da direba ya kwanta rashin lafiya shi zai ɗauki makulli ya fita. Da yawansu ma daga kujerar direba ko teburin amsa waya suka taso. Wannan ne abin da ya fi damuna a lamarin. Mutum ya shekara goma yana riƙe da komai a kansa, ran da ya ajiye aiki sai ilimin ya bi shi. Shi ya sa a ganina darasin da ya fi kowane muhimmanci shi ne mai gundurar nan na rubuta ƙa'idojin aiki a littafi da koya wa na ƙasa da kai tun kana nan. Kuma ina ganin masu shirya horo su riƙa tuna cewa mai irin wannan ofis ba zai iya rufe shi ya tafi bitar kwana uku ba, darasin intanet kuma ba ya amfanar wanda layinsa ke yankewa. Horon da ke zuwa ya same su a garejinsu ya fi kowane.

Akwai kuma abin da jami'a ba za ta koya wa mutum ba sai 'yan uwansa. Shi ya sa tarukan da ke haɗa ma'aikatan sufurin ƙabilu suke da daraja, domin kowa ya zo da dabararsa. Haɗakar ƙabilun Umatilla a jihar Oregon suna da motoci masu suna Kayak, waɗanda ke zirga-zirga tsakanin garuruwan arewa maso gabashin Oregon har cikin jihar Washington, kyauta, kuma kowa na hawa, ɗan ƙabila da wanda ba ɗan ƙabila ba. A Standing Rock, tsakanin Dakota ta Arewa da ta Kudu, kwalejin ƙabilar ce, wato kwalejin Sitting Bull, ke gudanar da motocin. Nabaho kuwa tun 1980 suke da nasu tsarin, da dogayen hanyoyi masu kaiwa garuruwan maƙwabta irin su Gallup da Farmington da Flagstaff.

[Hoto: ɗakin taron unguwa, dattawa zaune a kujeru]

A ƙasar Nabaho an kasa mulki zuwa gundumomi 110, kowace da ɗakin taronta. Mai son ya san inda mutane ke buƙatar zuwa, nan zai je ya zauna ya saurara, kuma da yawa daga cikin dattawan da harshensu za su yi magana. Takardar tambayoyi da aka aiko daga nesa da Turanci ba za ta gaya masa cewa a farkon wata ne mutane suka fi fita sayayya ba, ko cewa wata hanya ba ta biyuwa bayan ruwan sama.

Mai amsa waya a ofis ma tana da nata ilimin. Gidaje da yawa a nan ba su da lamba ko sunan titi. Kwatance ake yi: ka wuce ɗakin taro, ka yi mil uku, ka saki kwalta a wurin tankin ruwa, gida na biyu mai shuɗin rufi. Ita za ta rubuta wannan dalla-dalla yadda ko sabon direba zai gane da asuba cikin duhu. Sannan ga batun agogo. Ƙasar Nabaho tana matsar da agogonta gaba da sa'a ɗaya daga watan Maris zuwa Nuwamba, sauran jihar Arizona kuwa ba ta yi. Don haka a waɗannan watanni, idan asibiti a Flagstaff da ke Arizona ya ce tsohuwa ta zo ƙarfe tara, a agogon gidanta ƙarfe goma ke nan. Kafin mai amsa wayar ta ajiye waya sai ta tambaya: "Kaka, tara na wane agogo suka ce miki?" Sannan ta rubuta lokacin a takardar direban gobe, ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa.