Tambayar da aka mari yaro a kanta

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka. Daga nan Garwa, ga sharhinmu na yau.

A makon jiya wani matashi mai karatun kimiyya a Jami'ar Marwa ya aiko mana da saƙo. Ya ce ya je gida hutu, bayan sallar isha'i suna zaune kan tabarma a ƙofar gida, sai ya ce da baffansa: "Baffa, addinin nan da muke bi, da hujja muke bin sa, ko kuwa yarda ce kawai muka gada?" Baffan bai ce uffan ba sai da ya wanke shi da mari, sannan ya ce boko ya lalata shi. Yaron ya rufe saƙon da cewa bai bar sallah ba, amma ita ma tambayar ba ta bar shi ba.

Na kwana da wannan saƙo a raina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tambayar da aka mari yaron a kanta, da ita ake buɗe karatun tauhidi a zaurukan ƙasar nan tun ba a haifi kakan baffan ba.

Duk wanda ya durƙusa gaban modibbo, wato babban malami, a Garwa, ko Marwa, ko Ngaundere, ya san ɗan littafin Imamu Sanusi, malamin Tilimsan ta Aljeriya wanda ya rasu a 1490. Sunan littafin Ummul Barahin, wato uwar hujjoji. Da hukuncin hankali ya fara: akwai abin da hankali ke cewa dole ne, akwai wanda yake cewa ba zai taɓa yiwuwa ba, akwai wanda zai iya kasancewa ko ya ƙi kasancewa. Sai da ya shimfiɗa wannan sannan ya shiga siffofin Ubangiji, yana kafa musu dalili. Duniya tana sauyawa, abin da ke sauyawa fararre ne, fararre kuwa ba ya farar da kansa. Malaman Fulani sun mayar da wannan karatu cikin Fulatanci, suna kiran sa kabbe, don makiyayin da bai iya Larabci ba shi ma ya san dalilin abin da yake faɗa. Har saɓani malamai suka yi a kan muƙallidi, wanda ya yi imani don kawai ya ji iyayensa suna faɗa: imaninsa ya inganta ko bai inganta ba?

Wasu sun zaƙe a wannan fage. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an samu masu titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa jero hujjoji su ce kafiri ne. Shehu ya tsaya musu, ya yi rubuce-rubuce yana kare imanin gama-garin Musulmi. Shehun nan dai da ya ba Modibbo Adama tuta a 1809, wanda daga nan lamidodinmu, wato sarakunanmu na Fulani, suka samo asali. Ke nan gadon da muka tarar bai kafirta tsohuwar da ba ta san mandiƙi ba, wato ilimin kafa hujja da hankali, kuma bai toshe bakin mai tambaya ba.

Ku buɗe Suratul Baƙara, aya ta 260. Annabi Ibrahim, alaihis salam, badaɗin Allah, ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu. Aka ce masa, ba ka yi imani ba ne? Ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. Ba a kore shi ba. An umurce shi ya kama tsuntsaye huɗu, aka nuna masa da idonsa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. In har Annabi Ibrahim ya nemi natsuwar zuciya aka ba shi, ina laifin ɗan shekara ashirin da ya nemi baffansa ya yi masa bayani?

Yanzu bari in juyo gare ka, ɗana na Marwa, don kai ma ina da magana da kai.

A ɗakin gwaji an koya maka cewa hujja ita ce abin da za a auna, a maimaita, a samu sakamako iri ɗaya. Wannan gaskiya ne a fagensa, kuma kada ka bari kowa ya raina maka shi. Amma ba da shi kaɗai mutane ke sanin abu ba. Daren ashirin da tara ga Sha'aban, mutum nawa ne a unguwarku ke ganin jinjirin wata da idonsu? Galibinmu muna zaune ne kusa da rediyo muna jiran sanarwa. A mazhabar Malikiyya ana karɓar shaidar adilai biyu, ko taron jama'ar da ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Ba ka ga watan ba, amma ba da ka ka tashi sahur ba, ka dogara ne ga shaidar da aka tantance. Haka malaman hadisi irin su Buhari suka yi, suna bin mai ruwaya ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar wa ya ji daga wa, kuma yaya gaskiyarsa da haddarsa. Akwai kuma hujjar alama. Makiyayi a bakin Binuwai zai duba sawu a laka ya gaya maka shanu sun wuce da safe, ga inda suka nufa, alhali bai gan su ba. An ruwaito wani balaraben ƙauye ya kafa irin wannan dalili: kashin raƙumi na nuna raƙumi, sawu na nuna tafiya, to sama da taurarinta fa?

Sai dai ba zan ruɗe ka ba. Waɗannan dalilai ba sa kama mutum su tilasta masa kamar yadda lissafi ke yi. Akwai masu zurfin karatu da suka ji su duka ba su gamsu ba. Lahira, da mala'iku, da hisabi, babu na'urar da za ta auna su, shi ya sa tun a aya ta 3 ta Baƙara aka siffanta masu taƙawa da cewa suna imani da gaibu. Maƙwabtanmu Kiristoci ma sun san wannan gaɓar, a labarin Toma, almajirin Annabi Isa, da ya ce sai ya gani ya taɓa kafin ya yarda. A ganina hujja ce ke kai mutum bakin ƙofa, ta nuna masa cewa shigar ba wauta ba ce. Ɗaga ƙafar kuwa aikin zuciya ne, kuma babu mai yi wa wani shi, ko da mari.

Abin da ya sa na ɗauki zancen nan da zafi, mu a arewacin Kamaru mun ga abin da "kada ka tambaya" ke haifarwa. Imani da gaibu tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Amma wasu sun karkatar da shi, suka mai da shi miƙa wa ɗan'adam hankali. Da wannan ɗan tsibbu ke karɓe sefar bazawara, ya ce in ta yi shakka aikin zai lalace. Da shi kuma aka ja yaranmu daji. Ba mu manta harin Boko Haram a Fotokol a watan Fabrairun 2015 ba, ba mu manta bama-baman Marwa a watan Yulin shekarar ba, da na Injamena wata guda kafin nan. Yaran da aka ɗaura wa bam ba yawan tambaya ne ya kai su can ba. An koya musu cewa neman dalili daga shugaba raunin imani ne. Alhali Alƙur'ani da kansa, a aya ta 111 ta Suratul Baƙara, cewa ya yi ku kawo hujjarku in kun kasance masu gaskiya. Yaron da ya saba cewa "malam, mene ne dalili?" ya fi wuyar sata.

Na san baffan ba mugunta ce ta sa shi ɗaga hannu ba. Tsoro ne, tsoron kada ɗan ɗan'uwansa ya kuɓuce masa, wataƙila kuma da kunyar rashin amsa a gaban yara. Amma rashin amsa ba abin kunya ba ne. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, tambayoyi 48, ya ce "ban sani ba" a 32 daga ciki.

Baffa, in kana jin mu, yaron nan zai sake dawowa hutu. Ka kira shi, ka zaunar da shi kan tabarmar nan, ka ce ya maimaita tambayarsa. Abin da ka sani ka faɗa masa. Wanda ya fi ƙarfinka, ku saka takalmanku ku tafi tare zauren modibbon unguwa, a ɗauko Ummul Barahin a fara muku daga shafin farko.

Sai mun sake saduwa. Wassalamu alaikum.