Ƙarin jijiyoyin jini a ƙashin ƙugu: laccar da aka yi wa ɗaliban likitanci a Damagaram

Assalamu alaikum, ƴan uwa ɗalibai. Hemanjiyoma ƙari ne na jijiyoyin jini da ke tsirowa cikin ƙashin baya, kuma ba daji ba ne. Wajen mutum 1 cikin 10 yana da shi bai sani ba. Wanda ke kawo ciwo bai wuce kusan 1 cikin 100 na masu shi ba, to shi ne abin maganarmu, musamman in ya kama ƙasusuwan ƙugu biyar, L1 zuwa L5.

A nan in an ga ƙashin baya ya lalace, hankalin kowa kan tarin fuka yake tafiya, kuma da gaskiyarsa. Amma ku dubi faifan da ke tsakanin ƙasusuwa. Tarin fuka yakan ci faifan, ya haɗa da ƙasusuwa biyu maƙwabta. Hemanjiyoma ba ruwansa da faifai. A hoton radiyo za ku ga layuka a tsaye kamar asabari, a sikana (hoton CT) kuma ɗigo-ɗigo farare. IRM, wato hoton maganaɗisu (MRI), ce ke raba gardama: ƙari mai kitse yana haske a nau'o'in hotonta biyu, T1 da T2, wannan a ƙyale shi; mugun yana duhu a T1, yana kutsawa ramin laka. Kada a yi garajen soka allura don ɗibar nama, jini yake ɓarkewa.

Laka tana ƙarewa wajen L1 da L2, ƙasa da nan saiwoyin jijiya ne. Majiyyaci ya ce fitsari ya ƙi fita, tsakanin cinyoyi ya mutu, ƙafa ta rasa ƙarfi? Wannan ba ya kwana, tiyata ce. Ku lura da mai ciki a watanni ukun ƙarshe, lokacin ne ƙarin kan kumbura.

In ciwo ne kawai, ana ɗura simintin ƙashi, dabarar da Galibert da Deramond suka fara a Faransa a 1984. Haɗarinta simintin ya yoyo ya danne jijiya. Kafin a yanka, ana toshe jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin da kwana ɗaya ko biyu, amma sai an gano jijiyar Adamkiewicz, babbar jijiyar jinin da ke ciyar da ƙasan laka, tukuna, domin wani lokaci daga L1 ko L2 take tasowa, toshe ta kuwa shanyewar ƙafafu ne. Gasa ƙarin da haske (radiyoterapi) kuma, gire 36 zuwa 40 a ma'aunin yawan hasken, aikinsa a hankali yake, don haka ba a dogara da shi in rauni yana ƙaruwa da sauri.