Kowa ya rubuta 'yanci a kundinsa, to ina bambancin yake?

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla. Kan 'yancin faɗin albarkacin baki, ƙasashe uku na ce zan taɓo, Amurka, Jamus, sai Afirka ta Kudu.

Amma ku fara jin wannan. Kundin tsarin mulkin Koriya ta Arewa, sashe na 67, ya ba ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin baki da na jarida. Eh ku yi dariya, amma yana nan a rubuce. Na Tarayyar Sobiyet na 1936, zamanin Stalin, shi ma haka. Alƙawarin kam kowa ya yi, abin dubawa shi ne ina aka ja layi, kuma wa ke da ikon cewa ka tsallake shi.

To Amurka. Gyaran farko da aka yi wa kundin tsarin mulkinsu, 1791, ya ce majalisa ba za ta yi dokar da ta tauye magana ko jarida ba, shi ke nan, ko togaciya ɗaya bai kawo ba, sai aka bar wa Kotun Ƙoli aikin. Akwai wata shari'a da nake so ƙwarai, ta Brandenburg, 1969. Shi wannan Brandenburg jagora ne a Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu wariyar launi, a jihar Ohayo, shi da kansa ya gayyato ɗan jaridar talabijin ya zo ya ɗauki taronsu, fuskoki a rufe, wasu riƙe da bindigogi, sun cinna wa gicciye wuta suna ta zagin baƙaƙen fata da Yahudawa. Baƙaƙen fata fa, mu ke nan. Jiha ta ci shi tarar dala 1,000 da ɗauri, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce ba a hukunta magana sai in tana ingiza mutane su karya doka nan take, kuma da alamar za su yi ɗin. Nan take, ku riƙe wannan. Mugun mutum ne, babu musu, amma ma'aunin da ya cece shi, shi ne ke kare mai zanga-zangar da gwamnati ta tsana. Haka a 1984 wani ya ƙona tutar ƙasar a Texas, a 1989 alƙalai 5 na Kotun Ƙoli suka ce 'yancinsa ne, 4 suka ƙi. Ni a ganina sun ɗan zarce, amma wallahi ina girmama kotun da za ta kare wanda ita kanta ke ƙyama.

Kai, lokaci ya tafi. Jamus, kundin 1949, sashe na 1 ba magana ba ce, mutuncin ɗan Adam ne, magana sai a sashe na 5 kuma da iyaka. Musanta kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa na iya kai ka gidan yari har shekara 5. Abin da suka gani ne ya sa. Na biyu, au, na uku, Afirka ta Kudu, 1996, sashe na 16 ya fito fili ya ce farfagandar yaƙi da cusa ƙiyayyar launi ko ƙabila ko jinsi ko addini don a cutar da wani ba sa cikin kariya. Najeriya kuwa sashe na 39 ya ba ka, na 45 ya ce ana iya taƙaitawa saboda tsaro da zaman lafiya da tarbiyya, kun ga ƙofar da faɗi.

Na'am 'yar uwa, ɗaga murya. Tana tambaya ne in Facebook ya goge mata rubutu, an take mata haƙƙi? A Amurka dai a'a, gyaran farko gwamnati ya ɗaure wa hannu, Facebook kuwa kamfani ne. In gwamnati ce ta toshe, magana ta canja. Da Najeriya ta rufe Twitter a Yunin 2021 har wata 7, kotun ECOWAS a 2022 ta ce an saɓa doka, sai dai lokacin an riga an buɗe. Shugaban taro yana ta nuna min agogo, ranka ya daɗe na gani, tambaya ɗaya kawai za mu ƙara.