Fata Ta Warke, Ƙashi Bai Haɗe Ba Tukuna

Ƴan uwa masu kallo, tambaya ɗaya ce take ta iso mana a kwanakin nan: wanda aka yi wa tiyatar sauya hanyar jini a zuciya, idan ɗinkinsa ya bushe, me zai hana shi komawa rumfarsa a babbar kasuwa?

Aikin kansa ga yadda ake yinsa. Ana ciro jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirji, a dasa ta, jini ya kewaye wurin da ya toshe.

Amma ku lura da wannan da kyau. Kafin likita ya kai ga zuciya, sai ya raba ƙashin ƙirji gida biyu, daga baya ya ɗaure shi da wayoyin ƙarfe waɗanda za su zauna a jiki. Fata takan rufe cikin mako 2 ko 3, shi kuwa ƙashi yana bukatar mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, kuma ido ba ya ganinsa. Shi ya sa ake hana ɗaukar abin da ya wuce kilo 5, wato kusan tiya 2 ta gero. Jarkar ruwa mai lita 20 ta ninka wannan sau 4, ballantana buhun wake. Ko tashi daga tabarma, a guji dogara da hannuwa, idan tari ya zo kuma a rungume matashin kai. Wanda sujada ta yi wa wuya ya yi sallarsa a zaune.

Malamin makaranta da ma'aikacin ofis sukan koma bayan mako 6 zuwa 8. Ɗan dako da manomi sai wajen wata 3, da izinin likita. Ni dai ɗan kabu-kabu ne ya fi ba ni tausayi, domin abincin gidansa yana kan babur, amma kowane rami da kowane birki a ƙirjinsa yake sauka. Alhaji mai rumfa a kasuwa kuma, ya zauna ya riƙe lissafi, yara su yi sauran, ko da yana ganin ba su iya jera kaya ba.

Tafiyar ƙasa kaɗan-kaɗan da sanyin safiya tana da amfani, magani kuma ba a barinsa. Idan aka ji ƙashi yana ƙas-ƙas, ko wurin ɗinki ya yi ruwa, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti a ranar.